Layin da Direba Ya Rufe

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa babbar motar fasinja ta cikin gari, shi ya sa ko da ya ajiye aiki sunan bai sake shi ba. Direba kowa ke ce masa a layinsu, har matarsa, musamman idan tsokana ta motsa mata. Shi kuma Malama yake kiranta, don ta koyar da 'yan aji uku har sai da gashinta ya yi fari fat. Gidansu ne na huɗu daga kwana: ɗaki biyu da falo, sai wata 'yar rumfar kwano a gaba inda tsohuwar motarsa ke fakewa daga rana. Layin siriri ne ƙwarai. Idan motoci biyu suka haɗu gaba da gaba, dole ɗaya ta raɓe jikin katanga ta ba 'yar'uwarta hanya. A da, abin da ke bi ta nan bai wuce masu keke ba, sai motar shara ranar Talata.

Ciwon Malama daga baya ya fara, ya gangara ƙafafu, ya kwantar da ita. Direba ya kira Tela, maƙwabcinsu mai shago a bakin kwana, suka kinkimo gadon suka kawo shi falo kusa da taga, don ta ce ba za ta ƙare kwanakinta tana kallon bango ba. Ciwon yana da nasa lokaci. Ba ya lafawa sai gari ya fara wayewa, daga nan ne take samun barcin awa biyu ko uku, kuma shi ke nan duk hutun da take samu a yini. Direba ya koyi tafiya a cikin gidansa ba takalmi. Ya koyi sauke butar shayi kafin ta fara fito, ya naɗa tsumma a marikin ƙofa.

Ana cikin haka aka fara gyaran gadar babban titi.

Ranar farko da motoci suka cika layin, ya ɗauka rasuwa aka yi a wani gida. Ya fito bakin ƙofa da ƙarfe bakwai ya tarar da su jere, hancin wannan a bayan wancan, tun daga shagon Tela har inda ido ya ƙare. Babu fuskar da ya sani. Wani ya danna hon, na bayansa ya amsa, sai layin gaba ɗaya ya ɗauka. Ya ƙwanƙwasa gilashin motar da ta tsaya daidai ƙofarsa, wani mutum mai naktaye a wuya ya sauke gilashin kaɗan.

"Bawan Allah, ina za ku haka ta nan?"

"Wallahi Baba ni ma ban san nan ba. Ita ce ta ce in bi." Ya nuna wani ɗan allo mai haske manne a gilashin gaba.

Da Direba ya koma ciki, idon Malama biyu.

"Gari ne ya taso ya dawo ƙofarmu?" ta ce.

"Yau ne kawai. Gobe za su koma titinsu."

Ba su koma ba. Kullum daga bakwai saura zuwa tara haka abin yake, ban da ranakun hutu. Tagar falo tana rawa idan babbar mota ta wuce, hayaƙi yana shigowa ta ƙasan labule. Malama ba mai ƙorafi ba ce, sai dai ƙasan idonta ya yi baƙi, cokali ya fara yi mata nauyi a hannu.

'Ya'yansu uku. Maza biyu suna wata ƙasa, murya kawai ake ji a waya. Auta ce ke garin, amma can ɗaya gefen, tana aiki a ɗakin gwajin jini, sai Asabar bayan Asabar take samun leƙowa. Ita ce ta yi masa bayanin abin, suna tsaye a ƙarƙashin rumfa don kada uwarta ta ji.

"Baba, duk motar da ke da na'urar nan ta nuna hanya tana aika labarin gudunta. In aka ga babban titi ya tsaya, sai a nemo wa mutane wata kafa. To layinku ne kafar."

"Wa ya ba su layinmu?"

"A taswira hanya hanya ce, Baba."

"Taswirar ta san akwai mara lafiya a gida na huɗu?"

Auta ta buɗe jakarta ta fito da irin na'urar, ta ce ta kawo masa ne saboda ranakun asibiti, kada su riƙa maƙalewa a cunkoso da Mama a kujerar baya. Ya yi dariyar da bai shirya ba. Shi da ya san kowane rami a garin nan da ranar da aka haife shi, shi za a nuna wa hanya? Duk da haka ya bar ta ta manna a gilashi, ta sa lambar wayarsa, ta koya masa launuka: kore hanya a buɗe, rawaya ana jan jiki, ja an tsaya. Sai ta nuna masa wani ɗan maɓalli a kusurwa.

"In ka ga hatsari, ko an rufe hanya, ka taɓa nan ka zaɓa. Sauran direbobi za su gani su kauce."

"In mutum ya faɗi abin da bai gani ba fa?"

"Haba Baba, wa zai zauna yana wannan aikin?"

Kwana huɗu yana kewaye motar bai shiga ba. A rana ta biyar, da ƙarfe shida da rabi, ya leƙa falo ya ga barci ya ɗauki Malama, bakinta a ɗan buɗe, hannunta ɗaya ya sauko gefen gado. Ya mayar mata da hannun, ya fita. Ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli rabi ba tare da ya tayar da inji ba. Allon ya kawo haske. Ga layinsu nan, ɗan siririn zare, ya fara komawa rawaya. Ya daɗe yana kallon yatsansa kafin ya taɓa inda aka rubuta, hanya a rufe.

Minti biyar babu abin da ya canza. Sai ya lura tazarar da ke tsakanin motoci tana ƙaruwa. Wata ja ta wuce, wata fara ta bi ta, sai babu. Ya sauke gilashi. Daga bakin kwana ya jiyo keken ɗinkin Tela, wanda rabonsa da jin sa da safe an fi wata guda. Ranar nan Malama ba ta farka ba sai tara da rabi, ta nemi shayi da burodi da bakinta.

Sai dai ya gano ƙaryar ba ta da tsawon rai. Minti ashirin, in ta daɗe talatin, sai wani mai taurin kai ko ɗan unguwa ya ratsa, na'urarsa ta tambaye shi ko har yanzu hanyar a rufe take, ya ce a'a, alamar ta ɓace, motoci su dawo kamar an buɗe famfo. Dole Direba ya sake. Don kada abin ya yi kama da juna sai ya riƙa canzawa: yau aikin hanya, anjima mota ta lalace, gobe hatsari. Akwai ranar da ya sa ambaliya, alhali ko ɗigon girgije babu a sama. Haka safiyarsa ta koma. Kofin shayi a kan dashbod, tabarau a karan hanci, shi kaɗai a motar da ba ta zuwa ko'ina, yana gadin wani zare a kan allo.

A zaune a wurin yakan tuna zamanin aikinsa. In direba ya taho daga gaba ya ƙyafta maka fitila sau biyu, ya juya hannu ta taga, ka san hanya ba kyau, ka juya ba tambaya. Bai taɓa jin wanda ya yi wa ɗan'uwansa ƙaryar hanya ba. Wanda ya kuskura, ranar ko wurin zama ba zai samu a bencin tasha ba. Yanzu ga shi yana yi wa ɗaruruwan mutanen da bai taɓa gani ba, kafin ma ya karya kumallo. Yakan yi tunanin ina suke komawa, ko wani layin ne can yake shan abin da nasu ya sha. Sai ya kurɓi shayi ya bar tunanin.

"Me kake yi a mota kullum da safe, ba ka zuwa ko'ina?" Malama ta tambaye shi wata rana yana shafa mata magani a ƙafa.

"Batir nake dubawa."

"Mako uku kana duba batir. Direba, yara nawa ka san sun tsaya gabana da irin wannan fuskar suna cewa akuya ce ta cinye littafinsu?"

Ya gaya mata. Ta yi dariya har ciwon ya soke ta, ta dafe gefe tana haki, hawaye a idonta.

"To yau hatsari nawa aka yi a ƙofar gidana?"

"Biyu. Da aikin hanya ɗaya."

"Allah ya kiyaye gaba." Ta juya tana kallon labule. "Wani lokaci ina farkawa a tsakiya, in ga kujerarka babu kowa."

"Ina nan bayan taga, taku biyar."

"Na sani. Faɗa kawai na yi."

Washegari ya karkata madubin gefe har ya kamo tagar falo a ciki, ya ɗage mata labule kaɗan. Ba ya ganin fuskarta, sai tudun bargo da ƙarfen gado. In tudun ya motsa, sai ya bar layin a hannun Allah ya shiga.

Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa yi mata allura duk Alhamis da ƙarfe goma take zuwa, bayan ya gama aikinsa. Wata Alhamis aka canza mata tsari ba a sanar da su ba, ta fara da gidansu. Sai ga ta a ƙafa wajen tara saura, jaka a kafaɗa, gumi ya jiƙa mata wuyan riga.

"Sannu Baba. Ku yi haƙuri, tun takwas ya kamata in iso. Abin nan na mota ne ya ce layinku a rufe yake, ya mayar da ni babban titi, na yi rabin awa ban motsa ba. Ƙarshe can bayan makaranta na ajiye motar na tako. Ga shi na zo, ko tsinke babu a hanya." Ta wanke hannu tana ci gaba da magana. "Ba a san ranar da yake gaskiya ba. Akwai wani dattijo da ke jirana bayan ku, mai ciwon sukari, yau sai rana ta take zai gan ni."

Malama ta zuba wa silin ido. Direba ya riƙe wa ma'aikaciyar jaka, ya raka ta har bayan makaranta, ya yi mata godiya. Ranakun aiki biyu bai shiga motar ba. Ya zauna a kujerarsa gefen gado suna sauraron hon tare, kowa na yi kamar bai ga ɗaya ba. A rana ta uku, da ya ga ta kasa haɗiye ko ruwan shayi saboda gajiya, ya ɗauki makulli.

Bayan kamar wata biyu na'urar ta daina jin maganarsa. In ya taɓa, sai ta rubuta masa cewa ana duba rahotonsa, motoci kuma su ci gaba da kwarara. Ya cire ta ya mayar, ya goge allon da gefen riga, duk ɗaya. Ranar Laraba da tsakar rana yana yanka albasa wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar mace ce, ba babba ba, mai magana a hankali kamar wadda ta yini tana maimaita abu ɗaya.

"Barka da rana. Daga kamfanin na'urar nuna hanya nake kira. Da mai motar nake magana?"

"Shi ne."

"Baba, ni ce mai tantance rahotannin da direbobi ke aikowa daga ɓangarenku. Akwai rahoto ɗari da arba'in da bakwai daga na'urarka, duka a wuri ɗaya, kuma motar a tsaye. A abin da ke gabana, an yi hatsari sittin da ɗaya a ƙofar gidanka, ambaliya tara." Ta ɗan dakata. "Shi ne na ce bari in ji ko lafiya."

Ya ajiye wuƙar. Ya yi niyyar cewa jikansa ne ke wasa da abin, sai ya tuna ba shi da jika a ƙasar. Ya jawo kujerar kicin ya zauna, ya tura ƙofa da ƙafa.

"'Yata, ƙarya nake yi. Duka ƙarya ne."

"Na gane haka, Baba. Dalilin nake son ji."

Bai san yana da magana da yawa haka a cikinsa ba. Ya ba ta labarin gadon da ke bakin taga da barcin awa biyu, da gadar da aka ce wata uku ga shi ana neman shida. Ya gaya mata ya je ofishin unguwa sau biyu, an ba shi takarda ya cike, an ce a dawo. Ya gaya mata har da ma'aikaciyar jinya da dattijo mai ciwon sukari, abin da bai gaya wa Auta ba. Daga nan, bai san yadda aka yi ba, ya tsinci kansa yana ba ta labarin ranar da ya fara ganin Malama, ta shigo motarsa da tulin littattafan yara, ta ce masa yana taka birki kamar mai jin haushin fasinja. Can ya ji shirun ya yi yawa.

"Kina nan?"

"Ina jin ka, Baba. Ba wanda ke jirana. Da mu huɗu ne a ɗakin nan, yanzu ni kaɗai ce da allo uku. Ko taga babu, sai na fita nake sanin an yi ruwa." Ya ji tana danna wani abu. "Abu biyu ne. Na farko ba zai yi maka daɗi ba: dole in rufe maka damar aika rahoto. Mutane suna dogara da abin nan, wasu motar asibiti suke tuƙawa."

"Na sani. Ni ma direba ne."

"Na biyu, a taswirarmu an rubuta layinku a matsayin titi mai hannu biyu. In har bai kai faɗin da ake buƙata ba, zan iya shigar da buƙata a mayar da shi hanyar masu gida, a daina turo mutane. Sai dai ina buƙatar awon faɗinsa da hoto. Kuma ba ni ke yankewa ba. Yakan ɗauki mako shida zuwa takwas."

"Mako takwas," ya ce.

"In da hannuna ne, yau zan yi. Allah ya ba Mama lafiya."

Da yamma shi da Tela suka auna layin da tef ɗin ɗinki. Tef ɗin mita ɗaya da rabi ne, don haka sai da suka yi sau uku, Tela yana dafe da babban yatsa a kan kwalta, Direba yana ja, suna tashi duk lokacin da mota ta taho. Mita uku da santimita arba'in.

"Na auna ƙugun manyan mutane," in ji Tela yana kaɗe gwiwa, "amma yau ne na fara yi wa titi awo. Riga za a ɗinka masa?"

Auta ta aika awon da hoton ta wayarta. Da Direba ya sake kiran lambar don ya yi godiya, wata murya ce ta inji ta ɗauka tana cewa ya danna ɗaya ko biyu. Ya danna duka, bai kai ga ɗakin da ba taga ba. Bai ƙara jin muryar yarinyar ba, kuma sai daga baya ya tuna ko sunanta bai tambaya ba.

Makonnin da suka biyo baya a kujerarsa ya yi su. Ya toshe ramukan taga da tsofaffin jaridu, ya rataya bargo a kan labule, falon ya yi duhu kamar sito, Malama ta ce ya cire, gara hon da duhu. Wani lokaci in cunkoson ya tsaya cak, takan sa ya ɗaga ta da filo biyu ta kalli mutanen cikin motoci, tana ba su maki. Wannan bai yi barci ba, wannan da faɗa ya fito daga gida, wancan mai cin burodi a kan sitiyari uwarsa ba ta gani ba ne. A mako na biyar, ranar Lahadi da la'asar, ta ce ya ɗauraye mata kofinta, akwai ɗacin magani a ciki. Da ya dawo da kofin ta riga ta cika.

'Ya'yansu mazan suka zo suka yi kwana shida suka koma. Auta ta ƙara mako guda, ta ninke kayan uwarta a akwati, ta cika masa firij, ta koma aiki. Gadon ya ce a bar shi inda yake.

Wata Litinin ya farka ya ji wani abu ba daidai ba, ya kasa gane ko mene ne. Ya duba agogo, bakwai da kwata. Ya fito bakin ƙofa. Layin fayau, sai wata mage da ke tsallakawa ba ta ko sauri. A wayarsa akwai saƙo mai layi biyu, an amince da buƙatarsa, ana godiya da gudummawarsa. Ya karanta sau biyu, ya sa wayar a aljihu. Tela ya taho da tef a wuya.

"Direba, aikinka ya ci."

"Ya ci."

"Ni kam ka kore min kasuwa. Masu tsayawa a cunkoson nan sun fara ganin shagona, har biyu sun kawo gyaran wando." Ya ga fuskar Direba, sai ya sassauta murya. "Ka shigo shago ka zauna mana in ka gaji da gida."

"Zan shigo."

Ya shiga sau ɗaya ko biyu. Amma Tela mutum ne mai aiki, kuma mutum ba ya yini yana kallon wani yana ɗinki. Yawanci a falo yake zama. Yanzu yana jin komai: firij in ya tashi, famfon kicin da ke ɗiga, takun mai wucewa tun daga kwana har ya ɓace. Da safe, tsakanin bakwai da tara, shirun ya fi nauyi, don bai san abin da zai yi da waɗannan awoyin ba. Yakan dafa shayi ya manta da shi ya huce.

Auta ta matsa masa ya zo ya yi kwana biyu a wurinta. Ya yi ta ja har ya rasa uzuri. Ranar Asabar da hantsi ya sa kaya a ƙaramar jaka, ya kulle gida, ya tayar da motar. Kafin ya kai babban titi na'urar ta yi magana: akwai hatsari a gaba, jinkirin minti arba'in, ya juya hagu. A allon titin ya yi ja wur har bayan gada. Ya tsaya a gefe ya kira Auta ya ce mata zai makara, kada ta jira shi a tsaye. Ta ce to bari ta je kasuwa ta dawo.

Da ya iso mahaɗar ya rage gudu ya dubi hagun. Wani ɗan layi ne da bai taɓa shiga ba duk tsawon aikinsa, gidaje a matse, shanya a kan baranda, motoci uku sun riga sun kutsa suna bin juna. Na bayansa ya danna hon. Direba ya miƙe ya hau babban titi, ya gyara zama, ya shirya wa minti arba'in.

Babu komai a titin. An buɗe hannu ɗaya na gadar, motoci suna wucewa salin alin. Ya duba dama ya duba hagu, ko fasasshen gilashi bai gani ba. Wataƙila an yi hatsarin da sassafe an kwashe, wataƙila ba a taɓa yi ba. Na'urar ta tambaye shi ko har yanzu hatsarin yana nan. Ya miƙa yatsa ya taɓa a'a. Ta yi masa godiya. Jan bai canza ba har ya fita daga cikinsa, kuma bai san ko akwai wanda amsarsa ta kai wa ba.

Ya isa gidan Auta da wuri, ƙofa a kulle. Bene ne mai hawa huɗu, tagogi iri ɗaya, bai ma tabbatar wacce ce tata ba. Bai kira ta ba, kada ya katse mata cefane. Ya kashe mota a inuwar wata bishiya, ya zauna da jakarsa a cinya. Mutane suna shiga suna fita, ba wanda ya san shi balle ya ce masa Direba. Wata mata ta leƙo daga sama ta dube shi, ta ja labulenta.

Kusan awa guda sai ga Auta da leda a hannu biyu. Ta hango motar ta ƙara sauri.

"Baba, tun yaushe? Ba ka ce za ka makara ba?"

"Yanzun nan na iso."

Ta taɓa murfin injin da bayan hannu, ta ji shi da sanyi, ta dube shi. Ta karɓi jakar, ta jijjiga ta.

"Wannan ai riga ɗaya ce a ciki."

"Kwana biyu kika ce."

"Za mu gani," ta ce. "Hawa na uku ne, kuma babu lif. Ka riƙe ƙarfen, a hankali za mu hau."

Ya karɓi leda ɗaya daga hannunta, ya bi bayanta.